Shafi Huɗun da Corinne Ba Ta Karanta Ba

Corinne Zielinski ba ta iya shiga babban kantin unguwarmu yanzu. Da zarar ta ji ƙarar amalanken sayayya suna gogar juna, sai ta juya gida. Mu da muka san dalili ba ma tambayarta.

Kakanta Stan ne ya rene ta a nan birnin Toledo na Amurka, katanga ɗaya ta raba gidansa da nawa. Shekara talatin da takwas ya yi a masana'antar gilashi, bai taɓa kai ƙarshen littafi ko ɗaya ba. Amma ranar da ta samu gurbin karatun adabin Ingilishi a jami'a, sai da ya bi layinmu gida-gida yana shela.

Tallafin da ta samu bai isa ba, sai suka nemi rance a wani kamfani. Kamfanin ya ce sai da wanda zai tsaya mata, wato idan ta kasa biya, shi za a bi. Suka baje takardar a teburin cin abinci.

"Farfesa, karanta min mana," in ji Stan. Haka yake tsokanarta tun tana firamare. "Idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan."

"Kai Kaka, shafi huɗu ne fa! Kowa sa hannu kawai yake yi."

Ya yi dariya ya sa hannu.

Ta gama karatu da sakamako mai kyau, ta koma birnin Columbus neman aiki. Kamfanonin ɗab'i suka yi shiru, makarantu suka ce sai ta ƙaro wata takardar shaida. A ƙarshe aiki a shagon kofi ta samu. Idan ta biya haya ta sayi abinci, abin da ya rage ba ya kai rabin abin da ake nema a wurinta duk wata.

Sai ta nemi a ɗage mata biya, aka ɗage. Ta sake nema, aka sake. Ita a ganinta bashin ya yi barci, alhali kuɗin ruwa hawa yake ta yi. Da damar ɗagewa ta ƙare, wasiƙu suka fara zuwa. Kunya da tsoro suka hana ta buɗe ko ɗaya. Kun san abin da take yi da su? Sai ta cusa ambulan a cikin littafin da take karantawa, ya zame mata alamar inda ta tsaya. Baƙuwar lamba kuwa ba ta ɗauka.

Duk Lahadi tana kiran tsohon.

"Farfesa, yaushe zan ga sunanki a bangon littafi?"

"Ana kai, Kaka. Wai me ya sa kake haki haka?"

"Motsa jiki nake yi. So nake in sake aure."

A watan Nuwamba na gan shi da idona a filin ajiye motoci na kantin, sanye da rigar ma'aikata, yana tura jerin amalanke cikin sanyi. Mutum ɗan shekara saba'in da shida!

"Stan, me ya kai ka wannan aiki? Ina motarka?"

"Zaman gida ne ya ishe ni, Lorraine. Motar kuma ta tsufa kamar mai ita." Ya kama hannuna. "Don Allah kada ki gaya wa yarinyar nan."

Ban gaya mata ba. Wannan shirun nawa har gobe yana cina.

Wata safiya a Janairu, dusar ƙanƙara ta kai ƙauri, ya faɗi tsakanin motoci biyu. Zuciyarsa ce ta tsaya. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Bayan jana'iza na taya Corinne kwashe kayansa. A cikin wani gwangwanin biskit muka tarar da rasit goma sha huɗu, na wata goma sha huɗu, duk na bashinta. Ga takardar sayar da motarsa. A can ƙasa kuma ga yarjejeniyar nan mai shafi huɗu, da gilashin ƙara girman rubutu a kanta. Ya bi ta layi-layi da fensir, ya ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta fi ƙarfinsa. Har ƙarshe ya kai.

A gefen shafin ƙarshe ya rubuta abin da zai faɗa wa kamfanin a waya, don kada ya manta: "Ni za ku riƙa kira. Kada a dame ta, littafi take rubutawa."

Corinne ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai take yi, "Ya ce in karanta masa. Lorraine, ya ce in karanta masa."

Da ta koma ɗakinta na Columbus ta zazzage littattafanta, ambulan goma sha tara suka zubo. Na ukun yana cewa ta kira cikin kwana talatin a duba yadda za a sassauta mata, in ba haka ba za a koma kan wanda ya tsaya mata. Kira ɗaya kawai ake buƙata ta yi.

Takardar digirinta tana rataye a ɗakina yanzu, domin ta ce ba ta iya kallonta. Bashin kuwa yana nan, tana biya.

Jama'a, karatun adabi ba laifi ba ne. Amma kafin ku ci bashin karatu, ku binciki abin da aikin yake kawowa, ku karanta takarda kafin a sa hannu. Idan kuma biya ya gagara, ku buɗe wasiƙa ku yi magana. Bashin da kuka juya wa baya, wanda ya fi ƙaunarku zai je ya tarar.