Bakin Nuruddeen

Wayar ce ta fara ɓata wa Nuruddeen rai. Abokinsa Madu ya fito da ita lokacin tara, ya juya ta gaba da baya daidai hancinsa, ya ce Malam Iro ne ya ba shi. Madun da ko sabon biro ya samu sai ya ɓoye don kunya, yau shi ke nuna waya.

Malam Iro ya zo Gombe bayan babbar salla, ya kama gida can ƙarshen Tumfure inda gine-gine ke haɗuwa da gonaki, ya buɗe darasin JAMB kyauta. Sai dai ba kowa yake ɗauka ba, zaɓe yake yi. A ajinsu ya zaɓi Madu, ya tsallake Nuruddeen. Nuruddeen fa! Shi da ya koya wa Madu lissafi, har Hausar ma shi ya gyara masa, tun sanda yaron da mahaifiyarsa suka gudo daga Bama ba tare da yayansa Wakil ba, wanda har yau ba a ambaton sunansa a gidan.

Sau ɗaya ya taɓa ganin malamin, a ƙofar makarantarsu a Arawa. Ga fara'a, ga farar jallabiya, wai shi Bakatsine ne. Wata tsohuwa 'yar Borno mai sayar da gyaɗa ta gaishe shi da Barbarci, ta ce "Wushe." Ya amsa mata tun ba ta rufe baki ba, sai kuma ya yi tari ya kau da kai. Nuruddeen bai kula ba, idonsa na kan hannun da ke dafe da kafaɗar Madu.

Madu ya rame, amma bakinsa bai huta ba. Kullum da labarin da zai ba Nuruddeen. Yau an ci shinkafa da kaza a gidan malam. Malam ya je har Gabukka ya gaida Iya, mahaifiyar Madu, ai ya san gidan kowane ɗalibinsa. Can a tsakiya sai ya sako cewa ana rufe ƙofa a nuna musu bidiyo, an hana su zama benci ɗaya da Christy, Kirista 'yar ajinsu, kuma bayan jarrabawa akwai wata tafiya da ba a gaya wa iyaye. Duk Nuruddeen ya ji, amma kazar ce ta tsaya masa a maƙogwaro.

Wata Asabar Madu ya ce masa, "Ka zo bayan la'asar ka tsaya bayan taga. Zan yi maka magana wurin malam."

Ya goge takalmi, ya hau keke Napep har Tumfure, ya raɓe jikin bango. Sai ga muryar Madu, da ƙarfi kamar mai magana da kurma.

"Malam, kada ka ɗauki Nuruddeen. Bakinsa ba ya riƙe komai. Abin da ya ji da safe, kafin azahar duk Arawa ta ji."

A ƙasa ya koma gida, ko keken bai tuna ba. Baƙin ciki kamar ya kashe shi. To, tunda haka ne, kowa ya rasa.

Ranar Litinin ya doshi ofishin Malama Jacinta, shugabar ƙungiyar zaman lafiya ta ɗalibai, ƙungiyar da ya saba kira 'yan jera kujeru. Kullum tana cewa wanda ya ga abin da bai gane ba ya zo ya faɗa. Ba don zaman lafiya ya je ba, don huce haushi ya je. Ya zazzage mata komai, bidiyon, tafiyar, bencin Christy, har kazar bai bari ba. Tun bai gama ba ta miƙe ta nufi ofishin shugaban makaranta.

Kafin ƙarshen mako jami'an tsaro suka kewaye gidan Tumfure. Ashe malamin ba Iro ba ne, ba kuma Bakatsine ba. Motar da za ta kwashi yaran zuwa daji tana shirye a bayan gida. Aka yi wa ɗaliban tambayoyi, aka miƙa su ga iyayensu.

A taron safe aka kira Nuruddeen gaba, aka yi ta tafi. Shi kuwa Madu yake nema a layi, yana so ya ga yadda kunya ta yi da shi. Da aka watse sai ga Madu ya nufo shi, ya rungume shi ƙam.

"Wallahi ka ba ni wahala, Nura. Na nuna maka waya, na ba ka labarin kaza, ka ƙi motsi sai da na zage ka. Ni in na buɗe baki, Malam ya san gidan Iya. Shi ne ya tafi da Yaya Wakil a Bama ina leƙe ta ƙarƙashin gado, kuma duk Gombe ban san bakin da ya fi naka sauri ba."