Waken da Ke Ƙara Nauyi

Ranar Lahadi Labaran kuku ya shigo gida Tudun Wada da sikeli a ka, da wani ƙullin tsumma a hammata, yana tafe sannu sannu kamar ya ɗauko ƙwai.

Takarda ce ta zo wa maigidansa, Baturen layin dogo da ake kira Dogon-Wuya, wai kowane lebura a riƙa ba shi laba guda ta dafaffen ɓarzajjen wake. To, duk Zariya ba mai sayar da wake da laba, sai mudu. Bature ya ce Labaran ya gano masa mudu guda na dafaffen wake laba nawa ne, kafin Juma'a. In ya kasa, akwai wani kuku daga Lakwaja yana jiran aikin.

Ƙarfen awon Bature ya ɓace a hanya. Don haka shi da kansa ya tsinci wani dutse a bakin kasuwa, ya auna shi a tasha ya cika laba cif, ya naɗe shi da tsumma, ya ce kada Labaran ya kuskura ya kwance.

Labaran ya miƙa wa amaryarsa Sakinatu ƙullin. Wata biyu da aurensu, har yanzu ba ta iya haɗa ido da shi.

"Adana wannan. Na aikin waken ne, Bature ya bayar."

Ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ta ce, "To."

Litinin ta dafa. Labaran ya ɗora ƙullin a farantin sikeli ɗaya, yana zuba wake a ɗayan, in sun daidaita ya juye ya sake. Mudu ya ba da laba uku. Waken kuwa ya yi luguf, bai taɓa cin mai laushinsa ba.

Bature ya rubuta, ya ce a maimaita don a tabbatar.

Talata laba huɗu. Laraba shida.

Dogon-Wuya ya yi ja har kunne. Ya ce ko dai Labaran maƙaryaci ne, ko kuma waken Zariya ba ya bin dokar Sarkin Ingila.

Labaran ya canza mudu, ya canza rijiya, ya hana akuya wucewa kusa da sikelin. Maƙwabcinsa Gwadabe maƙeri ya leƙo ta katanga.

"Malam Labaran, in waken nan ya ci gaba da haka, a sammini mudu guda in ƙera gatari!"

Alhamis laba goma sha ɗaya. Da Labaran ya ɗaga ƙullin ya ji shi sakayau, sai ya dubi damtsensa, ya gode wa Allah. Ashe cin wake kullum yana sa ƙarfi haka.

Juma'a da hantsi Bature ya zo da kansa, da littafinsa, ya zauna bisa turmi a zaure. Labaran ya ɗora ƙullin. Ya sa cokali guda na wake, farantin ya rinjaya. Ya rage rabi, ya rinjaya. Sai da ya rage saura ɓari uku sannan suka daidaita.

Bature ya yi ta lissafi, gumi na zuba. Mudu guda zai ciyar da leburori dubu biyu har da ragi. Ya miƙe, ya cire hularsa don girmama tukunyar, sannan ya waiwayo ya ce Labaran ya faɗi sihirin da ya yi, ko ya ajiye aikin yanzu yanzu.

Labaran ya dubi tukunyar, ya dubi ƙullin.

Sai aka ji motsi a bayan asabari. Sakinatu ce ta durƙusa, kanta a ƙasa, muryarta da ƙyar ake ji.

"Maigida, a yi wa Bature godiya, a ce kanwar nan tasa da ke cikin tsumma tana da kyau ƙwarai, amma yau ta ƙare."