Ruwa a Kwamfutar Injin Gwangwani

Sawai ya danna maɓallin kwamfutar. Ƙaramar fitila ta yi ja, fanka ta ɗan yi tari, allon ya kawo haske kamar zai yi magana, sai ya fasa.

"Ka gani ko?" in ji Manaja Wirot. "Tun safe haka take min. Ga tirela a waje tana jiran gwangwanin kifi, in ba ta tashi da kaya yau ba, masu odar sun tafi ke nan."

Wirot sabon zuwa ne daga Bangkok, irin mutanen da ke tsawata wa inji su zaci ya ji. Ya dubi kan Sawai, an aske shi tas har gira, irin na sufayen Buddha.

"Au, daga zaman ibada ka fito? Madalla, ka zo mana da albarka. Maza, ƙanena."

Sawai ya buɗe jakar kayan aikinsa. Kamfanin gyara ne ya turo shi, shi kuwa aiki yake bi daki-daki. Ya duba wayar wuta, lafiya. Ya ciro fis ya ɗaga shi sama, lafiya. Ya zare igiyar da ta haɗa kwamfutar da injin matse gwangwani, ya hure bakinta, ya mayar. Hannunsa na aiki, shi yana kallon hannun kamar na wani.

A gaban injin an shafa sabon fenti a ƙasa, murabba'i ɗaya. Ya zagaye shi. An rataya wa injin furanni, an ajiye masa hadayar jan lemon kwalba da tsinken sha, tun ranar da ya haɗiye hannun tsoho Chalerm har kafaɗa, ya yi ajalinsa. Idon tsaron da ya kamata ya tsayar da injin in hannu ya shiga yana nan a liƙe da salatif, don wai yana rage gudun aiki. Furanni dai an sabunta su.

Sawai ya kwance murfin bayan kwamfutar. Ruwa ya ɗigo masa a takalmi.

"Ruwa!" Wirot ya dafe kai. "Nuan! Wa ya yi wanki a nan?"

Nuan, wadda aka ba aikin marigayin, ta dubi Sawai, ta mayar da idonta ƙasa. "Ba wanda ya yi wanki, ranka ya daɗe. Jiya dai sufaye sun zo sadakar bakwai, sun yayyafa ruwan tofi."

"Yayyafi na ce a yi, ba ambaliya ba! Ni na biya abincin, ni kuma aka jiƙa." Da yake a ofis ya yi zaman sadakar, yana waya a ƙarƙashin sanyin na'ura, bai ga komai ba. "To, a busar da ita mana."

"Ta ƙone," in ji Sawai. "An kunna ta a jiƙe."

Wirot, wanda shi ya yi ta kunnawar, ya gyara wuyan riga.

"Sai sabuwa, Oga," in ji Sawai. "Masu injin ne kawai ke sakawa, kuma ba sa tafiya sai sun ga idon tsaro yana gani."

Tirela ta juya babu kaya. Sawai ya tattara sukudirebobinsa, ya fita ta gefen tsohuwar bishiyar da ke bakin ƙofa. Bai ji daɗi ba, bai ji baƙin ciki ba.

A al'adarsu, ruwan da dangi suka tsiyaya a ƙoƙo suna ambaton sunan mamaci, gindin bishiya ake kai shi don ladan ya isa inda aka aika. Jiya kowa ya kai nasa can. Sawai kaɗai ya tsaya a bayan inji, ya juye nasa ta ramin iskar kwamfutar, a hankali, yana kiran sunan mahaifinsa Chalerm.