Katakon da ke Kan Totur

A kwana ta farko daga saman dutsen Dschang giyar motar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

"Ka ci gaba da wasan, malam," in ji Ajudan Tsafack, jami'in jandarma, daga kujerar gaba. "Ba na sauri."

Kenfack ya sake tura giyar. Ɗan kasuwar kofi ne, ƙato, gwiwoyinsa har suna gogar sitiyari. Matarsa Odile na baya, carbi a hannu, idonta a kan hanya.

A wannan gangaren ne wata farar mota ta banke wani ɗan acaɓa ranar kasuwar Santchou, ta wuce, shi kuma ya cika a wurin. Mai sayar da ayaba a bakin hanya ba ta ga fuskar direban ba. Abin da ta ji shi ne injin ya yi gurnani a tsakiyar birki, kafin motar ta shiga kwana. Tsafack ya san wannan gurnanin. Na masu tseren mota ne: yatsun ƙafar dama a kan birki, dunduniya ta daki totur, ƙafar hagu a kan kuloci, giya ta sauko ba tare da motar ta yi tsalle ba. Ba kowa ya iya ba. Motar Kenfack kuwa fara ce, har wani ɗan katako aka ɗaure a gefen totur ɗinta, ya matso kusa da birki.

Kenfack ya ce shi bai iya ba. Tsafack bai ji haushi ba. Shi dama bai taɓa yarda da laifin da aka amsa cikin sauƙi ba, ya fi son wanda ya kamo da hannunsa. Shi ya sa ya ce su sauka dutsen tare.

"Yesu!" in ji Odile, gab da kwana ta gaba.

Ƙafar Kenfack ta karkace, takalminsa ya harɗe da katakon, motar ta yi tsalle. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ka iya kwaikwayo," in ji Tsafack. "Da wasan coci ka shiga, da kai za a ba rawar Yahuza."

Warin birki ya fara shigowa. A dama dutse, a hagu rami, can ƙasa gonaki kamar tabarmi. Kenfack ya taka birkin, ya ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar gwanda. Gabansu wata babbar mota ce ɗauke da gumaguman itace, tana rarrafe.

Tsafack ya daina murmushi. Ya dafe gaban motar.

"Malam, in ka iya, yanzu ne lokacin. Ina da 'ya'ya."

Gumaguman suna ta ƙara girma a gilashi. Kwanar ta matso.

"Yesu!"

Yatsu a kan birki, dunduniya a kan katako. Injin ya yi gurnani guda, tsaf, giya ta faɗa ta biyu. Motar ta ja numfashi ta lafa, ta sha kwanar a bayan babbar motar.

Haka suka gangara har suka isa Santchou, inda motar jandarmomi ke jira.

"Tsoron mutuwa ba ya ƙarya," in ji Tsafack, yana sa masa ankwa. Kenfack ya miƙa hannuwan da kansa. Fuskarsa irin ta wanda ya sauke buhu ce.

"Madam, ki nemi wanda zai mai da motar gida," in ji Tsafack.

"To, ranka ya daɗe."

Kenfack ya juyo. "Ki ce wa yara na yi tafiya."

Odile ta tsaya har suka ɓace. Sannan ta shiga motar, ta jawo kujerar direba gaba zuwa inda ta saba zama. Mako guda ta yi tana koya masa a bayan rumbun kofi, yana kuskurewa, tana kiran sunan Yesu a daidai lokacin da ya kamata dunduniya ta sauka. Sau ɗaya kawai ya dace, yau.

Ta ɗora ƙafarta. Katakon ya zauna daidai ƙarƙashin dunduniyarta, kamar ranar da ya sassaƙa mata shi don ƙafarta ba ta kai.