Hukuncin Baba Kimba

"Ka mayar mata da kuɗinta, sannan ka fice mana daga guruf!" in ji Baba Kimba, dattijon da ke sasanta rikicin ciniki a guruf ɗin WhatsApp na 'yan Nijar mazauna unguwar Jadid.

Nafisatu ce ta kawo ƙara har gidansa. Tsohon keken ɗinkin da Mamadu ya sayar mata kwana biyu kacal ya yi, ya tsaya cak. Mamadu bai yi musu ba. Ya miƙa mata kuɗinta, ta bar keken nan ta tafi tana tsaki.

Kimba ya jawo keken ya kifa shi. Ga tsagar nan da shi da kansa ya rufe da baƙin fenti bara, kafin ya sayar da keken a Facebook da sunan ƙarya, ya aika ta hannun mai tasi. Ya kasa ɗaga kai.

Mamadu ya durƙusa gabansa. "Kada ka damu, Baba, ba wanda zai ji. Tun a saƙon murya na farko na gane kai ne. Shi ya sa na saya ban ko duba ba."