Waƙar da Aka Ɗauko Daga Bakin Kogi

Ka ce za ka haɗa littafin da zai ƙunshi kowace ƙabila ta garin nan, don kada yaro ya buɗe shafi ya rasa mai kama da shi a ciki. Madalla, Ɗayyabu, niyya ce mai kyau. Amma da na tambaye ka ko ka je wurin mutanen, sai ka ce ai ka san su, tare kuke cin kasuwa. To gyara zama in ba ka misalin wani da shi ma a kasuwa ya san mutane.

An yi wani mai kula da ɗakin karatu a wani gari na bakin kogi. Mutumin kirki ne, wannan kam ba mai ƙwace masa. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne 'ya'yan masuntan ƙetare, masu yarensu daban, ba sa leƙo ɗakin. Sukan wuce ta ƙofar kamar an ce musu akwai kare a ciki. Ya duba littattafansa kaf: ga manoma, ga fatake, ga Bature da dusar ƙanƙararsa, amma babu kwalekwale ko ɗaya, babu mai jan taru. Ya ce lallai sai ya gyara. Wata rana da hantsi yana yawo a gaɓa, sai ya hango matan masunta sun jeru, ƙafafunsu cikin ruwa, suna rera wata waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amshi. Muryar ta ratsa shi. Ya raɓe bayan giginya ya naɗa a wayarsa, wai kada ya katse musu. Ba ya jin yaren. Suna ɗaya ya tsinta da ake ta maimaitawa, Gimba. Ya ce a ransa, mata sun taru ana kiran sunan namiji, ai biki ne, Gimba shi ne ango. Kogin nan fa, kafin ka shanye ƙoƙon fura mai fito ya ƙetar da kai. Bai ƙetara ba. Ya zauna ya rubuta kalmomin yadda kunnensa ya ji, ya sa aka zana amarya cikin kwalekwale, ya buga littafi ya ce waƙar bikin masunta ce, aka rarraba wa makarantun gari.

Ranar ƙaddamarwa ya gayyato masunta, ya ba su kujerun gaba. Suka zo da kwalliyarsu, dattawa da mata, suna murna an tuna da su. Sai aka fito da 'yan makaranta an ɗaura musu zannuwa, suka kama waƙar da tafi da rangaji, mai kalangu na taya su. Mutanen gari na guɗa. A kujerun gaba kuwa ba wanda ya tafa. Wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Da yaran suka kai kan amshi suna tsalle suna kiran Gimba, wata mata ta miƙe ta nufo su da hannu a miƙe, ba ta kai ba ta yanke jiki ta faɗi. Mai ɗakin karatu ya rugo yana tambaya ko zafin rana ne. Dattijon ya dube shi ya ce, "Malam, da wannan waƙar muke kiran wanda ruwa ya ci, ko kogi ya sako mana gawarsa mu binne. Gimba ɗanta ne. Har yau bai fito ba."

Innalillahi! Ka duba fa, an zaunar da uwa a kujerar girmamawa ana taka rawa da kukan da ta yi wa ɗanta. Mutumin nan ya bi makarantu yana karɓe littattafan, ya tara ya ƙona, ya ƙetare kogin da ya ƙi ƙetarewa tun farko, ya durƙusa ya nemi gafara. Suka ce sun yafe. Amma takarda kaɗai ya iya ƙonawa. Waƙar ta riga ta shiga bakin yara, ga ta da daɗi, 'yan mata na gaɗa da ita a dandali, masu talla na rera ta a tasha. Matar nan kuwa kifi take kawowa kasuwar gari, da shi take ciyar da sauran 'ya'yanta. Da ta samu ƙarfin zuwa, tana sauke kwando ta ji wata mai tallan gyaɗa na kiran sunan ɗanta tana karkaɗa kafaɗa. Nan ta bar kifin ta koma, ba ta sake taka garin ba. 'Ya'yan masunta da a da suke wuce ƙofar ɗakin karatu, daga ranar hanya ma suka sake.

Abin takaicin, suna da waƙoƙin biki fal. Da ya yi sallama ya tambaya, da sun zaɓa masa da kansu, da 'ya'yansu ne za su tsaya gaban taro su rera. Saboda haka kafin ka sa mutane a littafinka, Ɗayyabu, ka ƙetara, ka zauna a tabarmarsu, ka miƙa musu alƙalamin. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.