Kujerar Baya

Da hular kwano Lyuben ya fara dukansa. Ƙarar da ta yi a muƙamuƙin tsoho Kolyo sai da ta fito da masu shan barasar da ake kira rakiya daga mashaya, kowa da kofinsa a hannu.

Babu wanda ya ce a bari. Mu a ƙauyen nan mun daɗe muna jiran wannan rana, kuma ba zan yi ƙarya ba, har da ni.

Shekara tara ke nan da wani la'ananne ya ɗaura wayar ƙarfe daga bishiya zuwa bishiya a hanyar dajin da ke hawa majami'ar kan dutse. Lyuben ya taho a babur da matarsa Biserka a baya. Wayar ta tsallake shi ta same ta a wuya. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, ita kuwa sai da aka rufe akwatin gawarta kafin a bar uwarta ta shigo. Saura kwana biyu ta tafi aikin tsinkar lemo a Sifen, har ta gama haɗa kaya.

Kowa ya san Kolyo ne. Wa ke kiwon awaki a dajin? Wa ke jifan masu babur da dutse don sun firgita masa dabbobi? 'Yan sanda suka riƙe shi kwana uku, duk abin da ya faɗa musu suka ce surutun mai neman mafita ne, sai dai ba su da shaida, suka sake shi. Tun daga nan ko gaisuwarsa ba a amsawa.

Lyuben ya sayar da babur, ya koma tafiyar ƙafa. Sai bara da ya auri Tsveta, ma'aikaciyar jinya mai bakin tsiya da dariya har kunne, muka ga ya fara dawowa mutum. Ita ta matsa masa ya koma hawa babur. Da bazara ya samo wani ƙaramin tsohon babur mai tari kamar mai asma, suka riƙa zagaya gari da shi tana mita.

"Wannan ai jaki ne, malam! Ba abin da nake gani sai ƙeyarka."

Birni uku ya je kafin ya sami sabon babur da ya kwanta masa. Baƙi ne, dogo, kansa mai faɗi, injinsa ba babba ba amma muryarsa mai kauri. Mazaunin direba can ƙasa, na baya kuwa a sama, da majingina. Ya sa Rumen bakanike ya ƙara wa kujerar bayan soso.

"To fa," in ji Rumen. "Kai kana rami, uwargida tana bene."

Ranar Lahadi aka sa za su hau dutse limamin majami'a ya yayyafa wa babur ruwan albarka, kamar yadda ake yi wa kowane sabon abin hawa. Ba a iya ɗagawa, don ranar Litinin Tsveta za ta tashi zuwa Jamus, aikin shekara biyu.

Ranar Lahadin suna bakin mashaya tana ɗaure hula, sai ga Kolyo ya gangaro daga daji yana haki, babu sanda, babu awaki. Ya damƙi hannunta.

"'Yata, kada ki hau. Kada ki bi hanyar nan. Da asuba na ga..."

A nan hular kwanon ta sauka.

Ta biyu ta zubar masa da haƙora. Tsohon ya faɗi kan gwiwa, Lyuben ya shaƙe wuyan rigarsa yana kai masa duka a baki, a bakin dai, ba ciki ba, ba haƙarƙari ba, har muka ji ƙashin ya ce ƙas. Jini ya jiƙe gemun Kolyo. Wani daga baya ya ce a ƙara masa, wata mata ta tofa masa yawu.

"Ɗaya ba ta ishe ka ba?" Lyuben yana kuka da hawaye. "Ɗaya ba ta ishe ka ba, tsohon banza?"

Kolyo ya buɗe baki, muƙamuƙin ya ƙi biyo shi, gurnani kawai ke fita. Ya ja jiki a ƙasa ya kama takalmin Tsveta da hannu biyu. Ta fizge, ta taka masa yatsu. Wallahi a lokacin daɗi na ji.

Rumen ya ce ko su bi ta titin kwalta, ko da ya fi nisa. Lyuben ya goge hular a wandonsa.

"Shekara tara ina gudun hanyar nan. Yau sai na bi ta."

Muka tafa masa. Uwarsa ta watsa kofin ruwa a gaban tayar don tafiya ta gudana lafiya, Tsveta ta haye benenta, suka tafi.

Daji ya yi sanyi, rana tana ratsowa ta cikin ganye. Hannayenta sun ƙanƙame kugunsa. Ya shafa su, ya ɗaga murya sama da ƙarar injin.

"Saki jikinki! Jingina, ki miƙe sosai ki ga kwarin can. A Jamus ba za ki samu irinsa ba."

Ta jingina, ta ɗaga kai sama da nasa, har ta fara dariya. Ya ƙara wuta. Kwana ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, hanya ta miƙe tsakanin manyan bishiyoyi biyu.

Sai Lyuben ya kwantar da ƙirjinsa a kan tanki ya sunkuyar da kai, domin wannan karon ma shi ya ɗaura wayar tsakanin bishiyoyin, ya auna tsayinta da hannunsa.